ZAUREN IYALI: Ba Kowace Shanyewar Ƙafa Ce Shan-inna Ba

Kaka ta yi, gero da dawa sun shiga rumbu, manyan motoci kuwa sun cika bakin kasuwar hatsi har ba masaka tsinke. Da niyyarmu wannan wata mu yi magana a kan kuɗin makaranta, da yadda za a ware shi tun amfanin gona yana hannu. Amma akwai wani nauyi a zuciyarmu tun bara, mun ga ya kamata mu sauke shi tukuna. Iyayen yarinyar da za mu ba da labarinta sun yarda a buga. Sunanta kaɗai muka ɓoye.

KWANA TARA

Yarinyar 'yar aji biyar ce a makarantarmu, shekararta 11. Tana cikin mawaƙan makarantar Lahadi, ba ta da ƙyuya ko kaɗan. Wata Litinin, kamar war haka bara, muka gan ta tana jan ƙafar hagu wajen shiga aji. Muka tambaye ta, ta ce bayanta ke ciwo, tana kuma ji kamar an ɗaure mata ciki da igiya. Mako biyu kafin nan ta yi mura da zazzaɓi, ta warke. Mu kuwa muka ce gajiyar roron wake ce, ta zauna ta huta. Ran Talata ba ta zo ba. Muka sa mata alamar fashi a rajista, muka ci gaba da darasi. Laraba haka, Alhamis haka. Lokacin kaka ne, rabin aji suna gona, ba wanda ya damu.

Sai ran Lahadi, da ba mu ji muryarta cikin mawaƙa ba, muka bi mahaifinta gida bayan sujada. Muka iske ta kwance a tabarma. Ashe tun daren Talata ƙafafunta biyu suka saki. In an tsunkule ta daga cibiya zuwa ƙasa, ba ta ji. Mararta ta kumbura, fitsari ba ya fita sai ɗigo-ɗigo, ba da saninta ba.

Kakarta ta dube mu ta ce, "Malam, ku 'yan boko ba ku san wannan ba. Inna ce ta sha ta. A zamaninmu ba a kai irin wannan asibiti, nono akan samo a ba mai abin hakkinta."

Muka ce, "Iya, ai kin bar wa Inna hanyarta tun ran da aka yi miki baftisma."

Ta ce, "Na bar ta, ɗana. Ita ce ban sani ba ko ta bar ni."

Mahaifin, wanda dattijo ne a ekklesiya, ya ce, "Malam, mun sa abin a addu'a. Yau kwana uku muna azumi. In na ɗauke ta zuwa birni, ba na nuna ban gaskata ba ke nan?"

Uwar ba ta ce uffan ba. Sai da muka fito ta biyo mu zaure, ta gaya mana an riga an kira wani mai kantin magani ya yi wa yarinyar allura biyu, an kuma kawo mai ɗori ya ja ƙafafun.

Shawara da neman kuɗi suka ci kwana biyu. Zumuntar Mata suka yi karo-karo, mahaifin ya sayar da buhun wake biyu. Ran Talata muka kai ta wani babban asibiti a birnin Kano, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga ƙofar gidansu. Likita ya duba ta, ya ce, "Malam, yaushe abin ya fara?" Muka ce yau kwana tara. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Da ran Larabar farko kuka kawo ta."

Ba mu kawo wannan labari don mu kunyata kowa ba. A cikin kwanakin nan tara, shida namu ne, mu malamai da muka ga ƙafa tana ja muka ce gajiya ce.

MENE NE YA SAME TA?

A cikin ƙashin bayan kowane mutum akwai laka. Kaurinta bai fi ɗan yatsa ba, ta taso daga ƙwaƙwalwa ta gangara har kusa da kwankwaso. Ku ɗauke ta kamar hanyar nan ta Kano zuwa Katsina da ta bi ta gabanmu. Ta kanta umarni ke sauka daga ƙwaƙwalwa zuwa hannu da ƙafa da mafitsara. Ta kanta kuma labari ke hawa, na zafi da sanyi da taɓawa. In gada ta karye a hanya, garuruwan da ke bayan gadar ba sa samun kaya, ba a kuma jin labarinsu, ko da yake garuruwan suna nan lafiya lau. Haka ya faru da yarinyar nan. Ƙafafunta ba abin da ya same su. Lakarta ce ta kumbura a wuri guda, daidai tsakiyar baya, hanya ta yanke.

Likitoci suna ce wa wannan ciwo mayalaitis, watau kumburin laka. Sau da yawa ba ƙwayar cuta ce ke cin lakar ba. Garkuwar jiki ce, wadda Allah ya ba mu domin yaƙi da cuta, take yin kuskure. Bayan ta gama yaƙi da mura, ko gudawa, ko ƙyanda, ko ƙarambau, sai ta juyo ta kama lakar mai ita, kamar karen gida da ya kori ɓarawo ya dawo ya ciji ɗan gida. Ba a ɗaukar wannan ciwo daga mai shi. Yakan fara da ciwon baya da jin ɗauri a ƙirji ko ciki, cikin 'yan sa'o'i ko 'yan kwanaki ƙafafu su saki, jiki ya daina ji, fitsari da bayan gida su ƙi fita ko su riƙa zuba.

Ciwo ne da ba a cika gani ba. A ƙasashen da aka ƙirga, mutum 1 zuwa 8 yake kamawa cikin miliyan guda a shekara. Amma ƙidayar 2006 ta ba Jihar Kano mutum fiye da miliyan 9. In an bi wannan lissafi, ba a rasa gidaje goma ko fiye da zai shiga kowace shekara, gidan da ya shiga kuwa bai damu da ƙarancinsa ba.

Akwai magani. Akan ɗauki hoton laka da na'urar da ake kira MRI, wani lokaci a ɗebi ruwan baya da allura a gwada. Sa'an nan a sa wa mara lafiya maganin kashe kumburi mai ƙarfi ta jijiya, kwana 3 zuwa 5. In bai ji ba, akwai wankin ruwan jini a wasu manyan asibitoci. Amma maganin nan kamar ruwan kashe gobara yake. Yana tare abin da wuta ba ta ci ba tukuna, ba ya mai da abin da ya riga ya zama toka. Abin da likitoci suka daɗe suna gani shi ne, in an kasa masu ciwon kashi uku, kashi ɗaya sukan warke kusan sarai, kashi ɗaya su tashi da saura, kashi ɗaya su zauna da nakasa mai tsanani. Sauƙi yakan fara cikin wata uku na farko, yana iya ci gaba har shekara biyu.

TO, INA SHAN-INNA?

Kada mu yi wa kakar nan dariya. Ta ga abin da ta gani. A ƙuruciyarta da wuya a sami unguwar da ba yaro mai rarrafe, sunan da kakanninmu suka sa wa ciwon kuwa ya nuna abin da suka zata, watau Inna, uwar iskoki, ta sha ƙafar yaro. Yau mun san ƙwayar cuta ce, wadda ake kira foliyo. Tana fita cikin kashin yaro, ta shiga bakin wani ta ƙazamin ruwa ko hannu. Ita ma laka take kamawa, amma ba ta yanke hanya duka. Sashen da ke ba tsoka umarni kaɗai take kashewa. Shi ya sa mai shan-inna yana jin tsunkuli, sau da yawa kuma ƙafa ɗaya ta fi ɗaya shanyewa. Cikin yara 200 da ƙwayar ta shiga jikinsu, kamar ɗaya ne yake shanyewa. Sauran suna yaɗa ta ba su sani ba.

A 1988, sa'ad da ƙasashen duniya suka ɗaura niyyar kawar da ita, tana nakasa yara wajen 350,000 kowace shekara a ƙasashe 125. Mu nan Kano mun sha wuyar wannan yaƙi. A 2003 jita-jita ta bazu a kan maganin ɗigon baki, aka dakatar da riga-kafi har watan Yuli na 2004. A 2006 yara 1,122 suka shanye a Nijeriya. Daga baya sarakuna da shugabannin addini suka tashi tsaye, ma'aikata suka bi gida gida. A watan Fabrairu na 2013 aka harbe ma'aikatan riga-kafi 9 a birnin Kano suna bakin aiki. Yaro na ƙarshe da asalin ƙwayar ta shanye a Jihar Kano an same shi a Sumaila, watan Yuli na 2014. Na ƙarshe a ƙasar duka a Borno ne, 2016. Ran 25 ga Agusta, 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa asalin ƙwayar ta ƙare a Afirka. Mu gode wa Ubangiji.

Amma kada a ce an gama. Maganin ɗigon baki ƙwayar ce da aka raunana. Inda yara da yawa ba su karɓa ba, raunanniyar tana iya yawo daga wannan yaro zuwa wancan har ta sake ƙarfi. A 2021 irin wannan ta shanye yara fiye da 400 a Nijeriya, yawancinsu a Arewa. Yaron da ya karɓi riga-kafinsa cikakke, na baki da na allura, ya sami kariya daga ita ma. Saboda haka in masu riga-kafi sun yi sallama, a fito da yara duka, har da na goye.

SAURAN DANGIN CIWON

Akwai waɗansu cututtuka kuma da ke sa ƙafa ta saki, ya kamata iyaye su san alamunsu.

Na farko, tarin fuka na ƙashin baya. Ƙwayar tibi ba huhu kaɗai take ci ba. Takan ci ƙashin baya har ya rufta ya danne laka. Wannan a hankali yake zuwa, da ciwon baya na watanni, da rama, da zufar dare, daga baya ƙusumbi ya fito. Yana cikin manyan dalilan shanyewar ƙafafu a ƙasarmu, ga shi kuwa maganin tibi kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sai dai na ƙashin baya akan sha shi kamar shekara guda ba fashi.

Na biyu, tsargiya. Mun saba ganin yaro yana fitsarin jini bayan wanka a kududdufi ko aikin lambu a bakin dam, mu ce ba kome. Wani lokaci, ko da yake ba sau da yawa ba, ƙwan tsutsar yakan ɓace hanya ya maƙale a laka, ta kumbura. In yaro yakan shiga irin wannan ruwa, a gaya wa likita ko bai tambaya ba.

Na uku, ciwon ido-da-laka. Wani likita a birnin Liyon na Faransa, Eugène Devic, ya bayyana shi a 1894. Ido yakan yi ciwo, gani ya dushe cikin 'yan kwanaki, kafin ko bayan ƙafafu su saki. Ya fi kama mata nesa ba kusa ba, ya kuma fi yawa a cikin baƙar fata fiye da Turawa. Tun 1971 Farfesa Benjamin Osuntokun ya ba da labarin masu shi da ya gani a Ibadan. A 2004 aka gano alamarsa cikin jini a Amurka, yanzu ana iya gwadawa. Yakan tafi ya dawo, domin haka mai shi yana bukatar magani na dogon lokaci.

Na huɗu, ciwon Giyan-Bare. Shi ba laka yake kamawa ba, jijiyoyin da suka fito daga cikinta ne. Yakan fara daga tafin ƙafa ya yi ta hawa. In ya kai ƙirji numfashi yana iya tsayawa. Mafi yawan yaran da aka kula da su a asibiti sukan warke.

Na biyar kuma namu ne da hannunmu, watau allurar ɗuwawu a hannun wanda bai iya ba. In ta sami babbar jijiyar ƙafa, yaro yana iya tashi da ƙafa tana reto.

Ba mu jera waɗannan don ku zama likitoci a gida ba. Mun jera su don ku ga cewa daga kan tabarma ba mai iya rarrabe su, kowanne kuwa da maganinsa dabam.

KUSURWA HUƊU

Mu koma kan tambayar dattijon nan, gama ba shi kaɗai ke yinta ba. Ku buɗe Markus sura 2 a sujadar iyali. A Kafarnahum akwai wani shanyayye, mutum huɗu suka ɗauko shi a shimfiɗarsa. Da suka rasa hanya saboda taro, suka hau soro suka buɗe rufi, suka zura shi gaban Yesu. Mai bishara ya nuna mana bangaskiyarsu aba ce da aka gani da ido. Yaya aka gan ta? A ɗaukar da suka yi, da hawan, da ƙin komawa gida. Ba su zauna suna jira ba. Luka ma, abokin tafiyar Bulus, likita ne. Addu'a da asibiti ba kishiyoyi ba ne. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota.

Shimfiɗar yaro mara lafiya ma kusurwa huɗu gare ta.

Kusurwar uba. In yaro ko babba ya wayi gari ƙafa ko hannu ya saki, ko jiki ya daina ji, ko fitsari ya tsaya tare da ciwon baya, a kai shi asibiti ranar, ba gobe ba. In numfashi yana wuya, ko tsakar dare ne a tashi. A nemi a tura shi inda akwai likitocin jijiya da ƙashi, kamar Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala. Kada a yi tsaga, kada a kira mai ɗori, kada a yi allura a gida.

Kusurwar uwa. Ke ce kika san ranar da abin ya fara, da zazzaɓin da ya riga shi, da lokacin fitsari na ƙarshe. Ki faɗa wa likita duka, har abin da aka yi a ɓoye. Bayan an dawo gida, a riƙa juya mara lafiya kowace awa 2 don kada gyambon kwanciya ya fito. A riƙa lanƙwasa gaɓoɓi ana miƙewa kamar yadda masu gashin ƙashi suka koya. A ba shi ruwa sosai, a tsabtace robar fitsari. Da hunturu kuma a nisantar da kaskon wuta da ruwan zafi, gama ƙafar da ba ta ji tana iya ƙonewa mai ita bai sani ba.

Kusurwar malami. Duk yaro ɗan ƙasa da shekara 15 da gaɓarsa ta saki farat ɗaya, ana so a sanar da asibiti mafi kusa ko jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma. Mu namu yana Dawakin Tofa. Za a ɗebi bayan gidan yaron sau biyu, kwana guda tsakani, cikin kwana 14 na farko, a kai ɗakin gwaji a Ibadan ko Maiduguri. Ba a biyan ko kwabo. An yi wa yarinyarmu, ba a sami foliyo ba. A makarantarmu kuwa yanzu mun kafa doka: yaron da ya yi kukan ciwo yau, gobe ba a gan shi ba, malaminsa zai taka har gidansu kafin rana ta faɗi.

Kusurwar ekklesiya. Kwana biyun da neman kuɗi ya ci, da akwai asusun marasa lafiya a hannun ma'aji da ba su tafi ba. Muna roƙon dattawa su duba wannan tun yanzu da baikon kaka ke shigowa. A kuma tsare baki. Mun ji masu raɗa suna cewa akwai wani zunubi a ɓoye a gidan. Wanda yake tunanin haka ya karanta Yohanna sura 9, ya ga amsar da almajirai suka samu sa'ad da suka yi irin wannan tambaya. Wanda ciwo ya bar shi da nakasa yana bukatar keke, da makaranta, da sana'a. A Jos akwai wata cibiya mai suna Beautiful Gate, wadda Ayuba Gufwan, shi ma mai shan-inna, ya kafa da wani abokinsa, ta raba wa guragu dubban kekuna kyauta. Abin da suka yi da yawa, kowace ekklesiya tana iya yin kaɗan daga ciki.

YADDA TAKE YANZU

Yarinyar ta yi mako biyar a asibiti. A mako na bakwai babban yatsan ƙafarta ta dama ya motsa, uwar ta aiko ƙanenta da gudu har makaranta ya gaya mana. Bayan wata bakwai ta dawo aji da sanda. Ƙafar hagu har yanzu tana ja, riƙe fitsari kuma yana ba ta wahala, saboda haka muka sa kujerarta kusa da ƙofa, ba ta neman izini in za ta fita. 'Yan ajinsu suka yi bulo, muka cike matakalar ƙofar ta zama gangara. Ta koma cikin mawaƙa, a zaune take waƙa. Ko da an kai ta ran Larabar farko za ta warke sarai? Likita ya ce ba mai iya rantsewa. Mu dai mun san abin da ya kamata mu yi, ba mu yi ba.

Kakarta ce ke motsa mata ƙafafu safe da yamma, ba ta taɓa fashi ba. Mahaifin kuwa, ran godiyar kaka, ya miƙe a gaban jama'a ya ce, "'Yan'uwa, na yi azumi kwana uku ina roƙon Allah ya aiko da taimako, ashe ya riga ya ajiye shi a bakin hanya, motar haya ce kaɗai tsakaninmu."

Ku sa ta cikin addu'a, da dukan yaran da ke kwance a ɗakunan da ba mu leƙa ba tukuna. Ku kuma karanta wa maƙwabta wannan shafi, ko masu bi ne ko ba masu bi ba, gama ciwo ba ya tambayar addini. Maganar kuɗin makaranta sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya bar mu da rai. Alherinsa ya zauna tare da gidajenku.